Bayan Hannun Goggo

A unguwarsu a Maraɗi kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, kuma kowa ya san ta da wata ɗabi'a guda. Idan aka miƙa mata jariri, sai ta ɗora bayan hannunta a kan hannunsa na dama, ta kai na hagu, ta sake komawa na dama, sannan ta yi masa wasa. Mata a gidan suna sukan yi dariya, su ce ta ajiye aikin asibiti amma aikin bai ajiye ta ba. Ita ma takan taya su dariyar. Shekaru masu yawa ta yi tana aikin jinya a ɗakin yara na wani asibiti, mafi yawansu aikin dare, kuma ba ta taɓa gaya wa matan nan daren da ta samo wannan ɗabi'a ba.

Wanda ya tono zancen ɗan ƙaninta ne, ɗalibi mai karatun na'urorin lantarki a Yamai, da ya zo hutu. Bayan sallar isha'i ya zauna a gefen tabarmarta, ya miƙa mata wayarsa. A fuskar wayar akwai hoton hannun mutum an ɗaura masa ƙarin ruwa, kusa da inda allurar ta shiga kuma an manna wani abu kamar filasta, faɗinsa bai wuce kan babban yatsa ba.

Ya ce, "Goggo, wannan abin ɗumin fata yake aunawa dare da rana. Idan ruwan ya bar jijiya ya shiga nama, shi zai fara sani, sai ya aika da saƙo zuwa wayar malamar asibiti. Shi nake so in ɗauka a aikina na kammala karatu. Me kika gani?"

Ta daɗe tana duban hoton. Daga bisani ta mayar masa da wayar, ta ce ya bari sai gobe. A daren nan barci bai ɗauke ta da wuri ba.

Ƙarin ruwa abu ne da ido ya saba da shi har ya daina ganin girmansa. Leda a rataye jikin ƙarfe, siririn tiyo, ƴar kwalba da ruwa ke ɗiga a cikinta, sai ƴar siririyar roba da ake kira kanula, wadda ake zurawa cikin jijiya da taimakon allura, a zare allurar a bar robar. Kafin a kai ga wannan sauƙi an yi doguwar tafiya. A 1656 wani masani a Ingila, Christopher Wren, ya yi amfani da gashin tsuntsu ya ɗura magani a jijiyar kare. A 1832, lokacin annobar kwalara, wani likita mai suna Thomas Latta ya ɗura ruwan gishiri a jijiyoyin marasa lafiya a garin Leith na Sikotilan, ya ga waɗanda suka kusa cikawa suna buɗe ido. Robar nan da ake bari a jijiya kuwa sai a 1950 wani likita, David Massa, ya fito da ita a asibitin Mayo na Amurka. Yau babu ɗakin jinyar da za a shiga, daga Tokiyo har Damagaram, ba a tarar da ita a hannun wani ba.

Amma jijiya ba tiyon ƙarfe ba ce. Bangonta siriri ne, musamman a hannun yaro ƙarami ko tsoho. Yaro ya motsa, ko ya fisge hannu, ko magani ya ci bangon jijiyar, sai bakin robar ya goce ko ya huda ta. Daga nan ruwan da aka nufa da jini sai ya riƙa taruwa a cikin nama a ƙarƙashin fata. Idan ruwan gishiri ne zalla, yawanci kumburi ne da zai saɓe bayan kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa ruwan yana ɗauke da abu mai ƙarfi, kamar sukari mai kauri, ko sinadarin kalsiyam, ko fotasiyam, ko wasu magungunan ciwon daji, to yana iya ƙona naman daga ciki, fata ta yi bororo, ta mutu, har a kai ga yin aiki a wurin. Akwai kuma matsala ta biyu, wadda robar tana nan daram a cikin jijiya amma jijiyar ce ta fusata, ta kumbura, ta yi tauri kamar igiya, saboda gogar robar, ko kaifin magani, ko ƙwayoyin cuta da suka bi hanyar.

Waɗannan matsaloli biyu fata tana ba da labarinsu, kowace da irin nata harshen. Ruwan da ke cikin leda ɗumin ɗaki gare shi, wanda a yawancin asibitoci ya gaza ɗumin jiki. Muddin yana shiga jijiya, jini yana kwashe shi ya yi gaba da shi. Da zarar ya fara taruwa a nama, sai wurin ya yi sanyi, ya yi tauri, ya yi sheƙi. Jijiyar da ta kumbura kuwa ɗumi take yi, domin jini yana tururuwa zuwa duk inda jiki ke faɗa da wani abu. Tun ƙarni na ɗaya wani marubucin Rumawa, Celsus, ya lissafa alamomin kumburi huɗu: ja, da tashin wuri, da ɗumi, da ciwo. Hausa ta haɗe biyu na ƙarshe a kalma ɗaya. Mai cewa hannunsa yana zafi yana iya nufin wurin ya ɗau ɗumi, yana iya nufin yana masa ciwo, shi ya sa malamar asibiti mai hankali takan sake tambaya: zafin wuta ko zafin ciwo? Haka kalmar jijiya ta ɗauki hanyar jini, ta ɗauki igiyar da ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, ta ɗauki wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi. A ɗakin ƙarin ruwa, ta jini ake nufi, wadda ke mayar da shi zuwa zuciya.

Duk wannan Goggo ta san shi tun tana makarantar koyon jinya, ta kuma ci jarrabawa a kansa. Saninsa bai hana abin da ya faru a wata damina ba.

Lokacin masassarar cizon sauro ne, watannin nan na ƙarshen damina da ɗakin yara ke cika har a kwantar da biyu a gado ɗaya, iyaye mata da kakanni a kan tabarmi tsakanin gadaje. Ita da abokiyar aikinta ɗaya ne a kan ɗakin duka. Da magariba aka kawo wata yarinya da ba ta wuce shekara biyu ba, masassara ta yi mata tsanani, sukarin jininta ya faɗi. Da ƙyar aka sami jijiya a bayan hannunta na hagu. Aka ba ta ruwan sukari da sauran magunguna, aka ɗaure hannun a kan ɗan kwali don kada ta lanƙwasa shi, aka naɗe da bandeji tun daga yatsu har wuyan hannu, domin samun jijiyar ya yi wuya, ba a son a rasa ta. Kakarta ce ke jinyarta, wata tsohuwa daga ƙauye, mai ƙarancin magana.

Can cikin dare, Goggo na wucewa da sauri, tsohuwar ta ɗan taɓa gefen rigarta, ta ce, "Likita, yi haƙuri, hannun yarinyar nan kamar ya yi sanyi."

Goggo ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi ƴar kwalbar, ta ga ruwa yana ɗiga daidai yadda ta saita shi. Ta ce, "Ba komai, Inna, ruwa yana tafiya." A daidai lokacin aka kwaɗa mata kira daga ƙarshen ɗaki, wani yaro ya fara jijjiga. Ta ruga. Yaron nan ya cinye mata sauran daren, shi da wani da aka kawo bayansa. Tsohuwar ba ta sake magana ba. Ta faɗa sau ɗaya, mai farar riga ta ce ba komai, wace ce ita da za ta ja da likita?

Sai da aka yi kiran assalatu Goggo ta dawo gadon ta kwance bandejin. Hannun ya kumbura har yatsun sun rarrabu, fatar ta yi sheƙi, tsakiyarta ta fara sauya launi. Ta yi abin da ya kamata, a makare: ta tsayar da ruwan, ta cire robar, ta ɗaga hannun a kan matashi, ta zana iyakar kumburin da biro, ta kira likita. Yarinyar ta warke daga masassara. Bayan hannun kuwa ya yi bororo, fatar wurin ta mutu, aka yi makonni ana wanke gyambon. Ranar da aka sallame su yatsun suna motsi, amma tabon ya mamaye bayan hannun. Tsohuwar ta durƙusa ta yi godiya, ta sa wa ma'aikatan albarka ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ambaci daren ba ko da kalma ɗaya, kuma wannan shiru ya fi yi wa Goggo nauyi fiye da in da ta zage ta.

Kuskuren da ta yi a daren sananne ne a aikin jinya. Ta dubi ɗigo, ba ta dubi hannu ba. Ɗigon ruwa ba shaida ba ne cewa ruwan jijiya yake shiga, domin naman da ke ƙarƙashin fata mai laushi ne, yana buɗewa ya karɓi ruwa na tsawon lokaci kafin ya cika ya ƙi karɓa. Hatta injinan tura ruwa na zamani, masu ƙara idan hanya ta toshe, ba a dogara da su wajen gane wannan matsala, saboda wannan dalili. Lissafin kuma ba shi da wuya. A tiyon da ake sa wa yara, ɗigo 60 ne ke yin mililita 1. Idan ana ɗigo 30 a minti, mililita 30 ke nan a awa guda, kimanin babban cokali biyu. Babban cokali biyu ba komai ba ne a cikin kofi. A bayan hannun ƴar shekara biyu kuwa, awa bayan awa, abu ne mai yawa.

Saboda haka ne ƙa'idojin jinya suka matsa a kan yawan dubawa. Ƙungiyar ma'aikatan jinya masu kula da ƙarin ruwa ta Amurka ta ce a duba wurin robar aƙalla duk bayan awa 4 ga babban da ke cikin hayyacinsa, duk bayan awa 1 zuwa 2 ga wanda ciwo ya yi wa tsanani, ga jarirai da yara kuwa kowace awa. A 1998 wani ma'aikacin jinya a Ingila, Andrew Jackson, ya fito da ma'aunin duba kumburin jijiya mai mataki daga 0 zuwa 5, wanda ya ce idan aka kai mataki na 2 a cire robar a sauya mata wuri. Ƙa'idoji ne masu kyau. Sai dai an rubuta su ne da tunanin ɗakin da ma'aikaciya ɗaya ke kula da ƴan gadaje kaɗan. Ma'aunin Jackson kuma ya dogara ƙwarai a kan ganin ja a fata, alhali ja ba ya saurin bayyana a baƙar fata, balle da dare a ƙarƙashin fitila mai rauni. A irin ɗakin da Goggo ta yi aiki, abin da ido ya kasa gani hannu ne ke jin sa.

Washegari da hantsi ta kira ɗan ƙanin nata, ta sa ya yi mata bayanin na'urar dalla-dalla. Ya ce a cikin filastar akwai wani ɗan ƙwayar abu da yadda yake barin lantarki ya wuce ta cikinsa ke sauyawa gwargwadon ɗumi, har yana iya rarrabe abin da bai kai digiri ɗaya ba. Ana manna shi a fata gaba kaɗan da bakin robar, ya riƙa aunawa a kai a kai, yana aika da adadin zuwa waya ko kwamfuta ba tare da igiya ba. Idan adadin ya gangara da sauri, alama ce ta ruwa ya fara taruwa. Idan ya riƙa hawa a hankali cikin kwana ɗaya ko biyu, ana zargin jijiya ta fara kumbura. Ya ce masu bincike a Japan sun gwada ɗaukar hoton ɗumin hannun masu karɓar maganin ciwon daji da kyamara ta musamman, sun kuma gwada wata ƴar leda mai sauya launi idan ɗumin fata ya sauya. Wani kamfani a Amurka mai suna ivWatch kuwa ya bi wata hanya dabam: na'urarsa haske take haskawa cikin fata ta auna abin da ya dawo, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 2015.

Goggo ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Ɗana, a ɗakin da suka gwada abin nan, akwai na'urar sanyaya ɗaki?"

Ya ce lalle akwai.

Ta ce, "To ka taɓa riƙe ledar ƙarin ruwa a watan Afrilu a garin nan?"

Bai taɓa ba. Ita kuwa ta riƙe ta fi a ƙirga. Fatar hannun mutum ba ta kai digiri 37 na cikin jiki ba, takan tsaya ƙasa da haka da ƴan digirori. A ɗaki mai sanyi, tazarar da ke tsakanin ruwan leda da fata babba ce, don haka sanyin da ruwan zai kawo a bayyane yake. A bazarar Maraɗi kuwa, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ledar da ta wuni a ɗaki mai rufin kwano takan yi ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Ruwa irin wannan in ya shiga nama, ta ina zai sanyaya fata? Alamar da na'urar ke jira tana iya raguwa, tana iya ɓacewa. A hunturu kuma akasin haka ne: ledar takan yi sanyi har yaro ya riƙa kuka saboda sanyin da ke bin hannunsa alhali robar tana zaune lafiya a jijiya, wanda zai iya sa na'urar ta yi ƙara a banza. Ga masassara da ke hawa da sauka, ga gumi da ke ɓamɓare filasta, ga uwa da ke lulluɓe ɗanta da zane ko ta rungume hannun a ƙirjinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana motsa adadin.

Saurayin ya yi shiru, sannan ya ce ai shi ya sa wasu ke sa ma'auni biyu, ɗaya kusa da robar, ɗaya a wani wuri nesa da ita, a riƙa duba bambancin da ke tsakaninsu maimakon adadi guda. Masassara in ta zo duka biyun za ta ɗaga, zane in ya rufe duka biyun zai ɗumama, amma ruwan da ya zurara wuri ɗaya zai taɓa.

A nan Goggo ta yi murmushi, karo na farko tun daren jiya. Ta ce abin da matan gidan suna ke mata dariya a kansa ke nan. Hannu ɗaya ba ya faɗin komai sai an gwada shi da ɗan'uwansa. Wani asibitin yara a birnin Cincinnati na Amurka ya taƙaita duba wurin ƙarin ruwa a kalmomi uku da ake koya wa ma'aikata da iyaye: a taɓa, a duba, a kwatanta. Ita ba ta san da su ba sa'ad da ta fara, tabon yarinyar nan ne ya koya mata. Tun daga wannan damina ba ta sake naɗe hannun yaro ta rufe wurin robar ruf ba, takan bar ƴar taga da kan yatsu a waje. Ba ta sake duban kwalbar ɗigo kafin ta taɓa hannu ba.

Sai ta ba shi labarin daren, wanda ba ta taɓa ba kowa ba a gidan. Da ta kai ƙarshe ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Kin gani, Goggo, da akwai na'urar nan da ba a yi haka ba."

Ta girgiza kai. Ta ce na'urar tana nan a daren, a zaune a kan tabarma, da kallabi a kanta. Ta auna daidai, ta kwatanta daidai, ta kuma aika da saƙo a kan lokaci. Saƙon ya iso kunnen wadda aka aika wa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai tsaya minti biyu ya kwance bandeji.

Wannan shi ne abin da ya hana ta barci, kuma ta juya shi ta kowace fuska kafin gari ya waye. Da farko ranta ya so ya yi watsi da na'urar gaba ɗaya, ta ce kayan masu kuɗi ne, na ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Amma gaskiya ba ta bar ta ba. Tsohuwar nan ta faɗa sau ɗaya ta yi shiru saboda kunya da ganin girman farar riga. Na'ura ba ta da kunya. In an ce mata ba komai, bayan minti biyar za ta sake ƙara, ta kuma sake, har sai an zo. Ba ta gyangyaɗi da ƙarfe uku na dare. Tana rubuta abin da ta ji, ta yadda mai karɓar aiki da safe zai ga lokacin da sanyin ya fara. Tana iya zama a ƙarƙashin bandeji inda ido ba ya kaiwa. Tana kuma iya yin magana a madadin waɗanda ba su da bakin faɗa: jariri sabon haihuwa, da wanda ya suma, da wanda ba shi da mai jinya a gefensa. Duk wanda ya yi aikin dare ba zai raina wannan ba.

Sai dai ƙara ba ta kwance bandeji. Da wayar ta yi kuka a aljihunta a daren nan, hannayenta biyu suna kan yaron da ke jijjiga, kuma da ta zaɓi abin da ta zaɓa, domin numfashi yana gaba da hannu. Akwai kuma wani haɗari da ma'aikatan manyan asibitoci suka sani sarai: na'urar da ke yawan ƙara a banza, kunne yakan saba da ita har ranar da za ta faɗi gaskiya a ƙi kula ta. Haɗari na uku ya fi ɓoyuwa. Ma'aikaciyar da ta amince da filastar nan tana iya daina taɓa hannu, ta koma duban waya, kamar yadda ita ta dubi kwalbar ɗigo. Kwalbar ma ai na'ura ce, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ruwa yana tafiya, inda yake zuwa ne ba ta faɗa ba.

Abin da ya sauya ɗakin nata a shekarun da suka biyo baya bai ci ko dala ba. Duk yaron da aka ɗaura wa ruwa, takan durƙusa gaban mai jinyarsa, ta kama hannunta ta ɗora a kan hannun yaron, wannan sannan wancan. Takan ce, "Inna, kin ji yadda suke daidai? In ɗaya ya fi sanyi, ko ya fi ɗumi, ko ya tashi, ko yaro ya riƙa kuka in an taɓa, ki kira ni. In na ce miki ba komai ban taɓa da hannuna ba, ki sake kira. In ban zo ba, ki kira abokiyar aikina. Ba rashin kunya ba ne, ni na sa ki." Takan kuma nuna musu ɗan abin da ake murzawa a jikin tiyo, ta ce wannan kada su taɓa shi, nata ne. Kalmar nan ta ƙarshe, ni na sa ki, ita ce ta fi aiki. Matan nan sun iya jin ɗumi tun kafin a haife ta, da bayan hannu suke gane masassarar ƴaƴansu. Izinin yin magana sau biyu ne ba su da shi.

Don haka ba ta hana saurayin aikinsa ba. Sharuɗɗa ta gindaya masa. Ta ce kafin ya haɗa waya ko ɗaya, ya nemi izini a wani asibiti ya kwana uku a ɗakin yara, yana zaune yana kallo. Ya auna ɗumin ledar ruwa da rana da kuma da asuba, a bazara da hunturu, ya rubuta. Ya tambayi kansa wa ƙarar za ta tasa: wayar ma'aikaciyar da hannayenta ke cike, ko kuwa ƴar fitila a jikin filastar da kakar da ke zaune a wurin za ta gani ta tashi da hujja a hannunta? Ya yi tunanin abin da zai faru in wuta ta ɗauke, in gumi ya jiƙa filastar, in kuɗinta ya fi na robar da take gadi. Ya kuma tuna fatar jariri siririya ce, manne mai ƙarfi shi ma yana iya saɓule ta.

Yana rubutawa a bayan wani tsohon littafi, har ya cika shafi. Da ya ɗago ya ce, "Goggo, yarinyar fa? Kin sake ganinta?"

Ta ce ba ta sake ba. Ƙauyensu da nisa, kuma ba ta riƙe sunansa ba. In tana raye, yanzu ta isa aure, wataƙila har da goyo. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne, duk bikin da ta je aka fito da amarya an yi mata lalle, idonta yakan fara sauka a bayan hannun hagu.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe wata tsohuwar jaka, ta fito da ma'aunin zafin da ta yi aiki da shi a shekarunta na ƙarshe, ta ba shi. Ta ce ba zai auna leda yadda yake so ba, amma ya riƙe shi har ya sami wanda ya fi shi. A tsakar gida jikar maƙwabciya ta fara kuka, uwar ta miƙo ta ta kan ƙofa don Goggo ta riƙe mata kafin ta sauke tukunya. Goggo ta karɓe ta, ta ɗora bayan hannunta a kan na dama, ta kai na hagu, ta komo na dama. Saurayin ya ajiye biro ya matso, ta kama hannunsa ta ɗora a inda nata ya tashi.